Ma'aikacin jinya a wajen asibiti: abin da ya wajaba a kansa da inda hannunsa zai tsaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, akwai tambayar da take yawan zuwa mana daga ɗalibanmu masu karatun jinya da kuma iyayensu a nan Zangon Kwatano. Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, ko babur ya kaɗe yaro a bakin titi, ko jini ya ɓalle wa mai jego cikin dare, kuma ga ma'aikacin jinya a kusa, me shari'a ta ɗora masa, me kuma ta hana shi? Tambayar tana da nauyi, domin a tsakanin amsoshinta biyu akwai ran ɗan Adam. Wanda ya janye hannu a inda ya kamata ya miƙa zai iya zama sanadin mutuwa, haka ma wanda ya miƙa hannu a inda ya kamata ya janye.

Nas daban, likita daban

A bakin jama'armu duk wanda ya sa farar riga likita ne. Nas likita, ungozoma likita, mai awon jini likita, har mai sayar da ƙwayoyi a kan tebur ana ce masa likita. Girmamawa ce, amma daga nan ruɗanin yake farawa.

A ƙasar nan ta Benin, ma'aikacin jinya mai takardar gwamnati yana yin shekara 3 bayan kammala sakandare, a makarantu irin su INMeS da ke nan Kwatano ko IFSIO da ke Parakou. Likita kuwa yana yin shekara 7 ko fiye. An horar da likita ya gano cuta ya rubuta magani. An horar da nas ya lura da majinyaci, ya auna jini da zazzaɓi da numfashi, ya gyara rauni, ya yi allura, ya sa ƙarin ruwa, ya gane alamar haɗari tun kafin ta yi nisa. Sau da yawa nas ya fi likita iya samun jijiya, ya kuma fi shi saurin gane cewa majinyaci ya fara canzawa. Ilimi ne cikakke, sai dai yana da iyaka kamar kowane ilimi.

Wani zai ce: ai a ƙananan asibitocin karkara nas ne yake duba marasa lafiya, shi yake rubuta magani. Gaskiya ne. Amma yana yin haka ne a wurin da hukuma ta ajiye shi, da rubutaccen tsarin da yake bi, da jerin magungunan da aka yarje masa, da littafin da yake rubuta abin da ya yi, da babban asibitin da yake tura abin da ya fi ƙarfinsa. Waɗannan abubuwan su suke faɗaɗa masa iko. Idan ya fito titi ko ya shiga ɗakin maƙwabci, ilimin yana nan a kansa, amma ya baro tsarin da kayan aikin da abokan aikin a can. Babu iskar taimakon numfashi, babu ɗakin awo, babu wanda zai kama masa idan abu ya juya. Saboda haka abin da ya halatta gare shi da safe a wurin aiki ba lallai ya halatta gare shi da dare a unguwa ba, ko da mutumin ɗaya ne, allurar ma ɗaya ce.

Wajibi na farko: ba ya wucewa

Ceton rai farilla ce ta kifaya, wadda idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Amma idan babu wanda ya iya a wurin sai mutum ɗaya, ta zama farilla a kansa shi kaɗai. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane gaba ɗaya, kamar yadda ta daidaita kashe rai guda da kashe su gaba ɗaya.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi sauran tsanani a wannan babi. Ɗaliban da suka karanta Muhtasar na Shehu Halil sun san cewa a babin yanka ya kawo hukuncin wanda ya ga rai ko dukiya za su halaka, yana da ikon tserar da su, ya ƙi. An ɗora masa lamuni, wato alhakin biyan abin da ya salwanta. Har ya yi misali da mai zare wanda ya hana a ɗinke raunin da ya huda cikin mutum har ya mutu. Idan mai zare yana da laifi don ya hana zarensa, ina ga wanda ya hana iliminsa?

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Benin, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa, tana hukunta wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari alhali zai iya ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin haɗari ba. Taimakon yana iya zama da hannu, yana iya zama da kiran masu ceto. A Najeriya dokar lafiya ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin kula da wanda ke cikin halin gaggawa, sannan dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A Amurka kuwa sun bi ta wata hanya: tun daga 1959 a jihar Kalifoniya suka fara kafa dokokin da suke kare wanda ya taimaka da kyakkyawar niyya daga ƙarar diyya, muddin bai yi mummunan sakaci ba. Hanyoyin sun bambanta, manufar ɗaya ce, kada tsoro ya sa a bar mutum ya mutu ana kallo.

Don haka nas ɗin da ya ɓoye sana'arsa a wurin haɗari yana cewa ba ya son rigima, ba shi da uzuri a wurin Allah, ba shi da shi a wurin hukuma.

Abin da zai yi

Aikinsa a wannan lokaci shi ne ya riƙe rai har a kai ga inda za a yi magani. Wannan aikin yana da girma fiye da yadda ake zato, domin idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma babu motar asibitin da za ta ratsa cunkoson Dantokpa ta iso cikin wannan lokaci. Wanda ke kusa shi ne asibitin farko.

Zai fara da duba wurin, kada shi ma ya zama na biyu: wayar lantarki, man fetur, motocin da ke wucewa. Zai nuna mutum ɗaya da yatsa ya ce ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 118, domin idan aka ce wani ya kira, kowa zai zaci wani ya kira. Zai duba ko mutumin yana amsawa, ko yana numfashi. Idan ba ya numfashi, zai danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ba tare da tsayawa ba. Idan yana numfashi amma a sume yake, zai kwantar da shi a gefe don kada amai ko harshe ya toshe masa maƙogwaro. Idan jini ke zuba, zai danne wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi. Idan ƙarfe ko gilashi ya shige jiki, ba zai zare ba, domin sau da yawa abin shi ne ya toshe jijiyar. Idan ƙuna ce, zai zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ya hana a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Wanda ya tuna gobarar da ta tashi a wurin ajiyar fetur a Seme-Krake a watan Satumba na 2023, wadda ta ci mutum fiye da 30, ya san cewa ƙuna ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ake sayar da fetur a kwalba a bakin hanya.

Idan ɗan zemijan ne ko fasinjansa ya faɗi, zai hana a ciccibe shi hannu da ƙafa, zai riƙe kai da wuya a miƙe, ba zai fizge hular kwano ba sai in numfashi ya tilasta, domin karyewar ƙashin wuya da aka motsa ba daidai ba tana iya shanye mutum har ƙarshen rayuwarsa. Idan farfaɗiya ce, zai kawar da abin da zai ji wa mutumin ciwo, ya hana a cusa masa cokali a baki, ya duba agogo, domin jijjigar da ta wuce minti 5 sai asibiti. Idan mai ciwon suga ne ya fara rawar jiki da gumi kuma yana iya haɗiya, zai ba shi sukari ko lemo mai zaƙi. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, ko ruwa ko rubutu, domin huhu zai tafi.

Sannan zai riƙe lokacin da abin ya fara da abin da ya gani da abin da ya yi, ya raka majinyacin in zai yiwu, ya miƙa bayanin ga waɗanda za su karɓe shi a asibitin koyarwa na Hubert Maga, wato CNHU, ko asibitin uwa da yaro na CHU-MEL, ko duk wanda ya fi kusa kuma ya dace.

Duk wannan yana da asali a wurinmu. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da aka raunata fuskar Manzon Allah (SAW), Nana Faɗima ta wanke, da ta ga ruwa yana ƙara jinin sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar har jinin ya tsaya, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Da abin da ke hannunta da sanin zamaninta ta tsayar da jini. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu, an kai shi tantin Rufaida da ke masallaci, inda take jinyar masu rauni. Ashe tun farkon Musulunci akwai taimakon farko a fili, akwai kuma wurin da ake kai mai rauni.

Inda zai tsaya

Matsalar Zango ba ta cika zama ta ƙin taimako ba. Mun fi fama da wuce iyaka, kuma sau da yawa jama'a ne suke tura ma'aikacin jinya ya wuce. Za mu kawo misalai huɗu da kowa ya sani.

Na farko, dattijo ya tashi bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe. Sai a kira nas, a auna jini a ga ya hau, a ce ta ba shi abin da zai sauke shi nan take. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Alamominsu kusan ɗaya ne, ba a rarrabewa sai da hoton ƙwaƙwalwa. Maganin da ke tsinka jini yana taimakon na farko, yana iya kashe na biyu. Sauke hawan jini da gaggawa kuma yana iya hana ƙwaƙwalwa ɗan jinin da ya rage mata. Ga shi maganin da ke narkar da toshewar yana da wa'adi na kimanin awa 4 da rabi. Duk mintin da aka ɓata ana gwaji a ɗaki, daga wannan wa'adin aka cire shi.

Na biyu, ƙarin ruwa. Mutanenmu sun ɗauke shi maganin kowace kasala. Amma mai ciwon zuciya ko ƙoda, idan aka ɗura masa ruwa ba da lissafi ba, ruwan yana taruwa a huhu ya shaƙe shi yana kwance a kan gadonsa.

Na uku, allura a gida. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wani magani, cikin mintuna maƙogwaro ya kumbura, jini ya faɗi. A asibiti akwai allurar da ke mayar da wannan da kayan buɗe numfashi a kusa. A ɗaki babu. Ƙari a kan haka, daga ina maganin ya fito? A garin nan ne aka yi kiran Kwatano na yaƙi da jabun magunguna a watan Oktoba na 2009, kuma a watan Fabrairu na 2017 hukuma ta kwashe tarin magunguna a Adjegounle cikin kasuwar Dantokpa. Nas ɗin da aka miƙo wa kwalbar da ba ta san asalinta ba ta zuba a jijiyar mutum, ta ɗauki alhakin abin da ba ta gani ba.

Na huɗu, yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari, ko mai jegon da jini ya ƙi tsayawa. Waɗannan sau da yawa ƙarin jini suke buƙata, kuma babu ƙwarewar da za ta samar da jini a tsakar gida. Allurar da za ta sa a ga kamar an samu sauƙi ita ce take sa a kwana, da asuba kuma a fita da wanda ya riga ya yi nisa.

Dokar lafiya ta Faransa, wadda tsarin horar da ma'aikatanmu ya yi kama da nata, ta daɗe da fayyace wannan. Idan babu likita, nas yana aiwatar da tsarin gaggawa da likita ya riga ya rubuta ya sa hannu. Idan babu irin wannan tsari, yana yin abin da zai riƙe majinyaci kafin likita ya iso, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya kai shi wurin da ya dace. A nan Benin, dokar 1997 ta shimfiɗa sharuɗɗan buɗe wurin jinya mai zaman kansa, a 2018 kuma gwamnati ta sa ma'aikatan lafiyarta su zaɓi ɗaya tsakanin aikin gwamnati da na kansu, aka kuma rufe wuraren jinya da yawa marasa izini. Wanda ya mayar da ɗakin maƙwabciyarsa nas asibiti, ya sani yana jefa aikinta da 'yancinta cikin haɗari don ya tsira da kuɗin mota.

Lamuni a fiƙihu

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da wannan ilimi ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya yi bayanin cewa hukuncin ya haɗa da mai maganin ido, da mai kaciya, da mai ƙaho, da maɗori, kowa a fanninsa. Ya kasa masu magani gida biyar. Gwani mai izini wanda ya yi aiki yadda ya kamata, aka samu asara, babu komai a kansa. Jahilin da ya ruɗi majinyaci ya zaci masani ne, yana lamuni. Gwani mai izini wanda hannunsa ya kuskure, hukuncinsa na kuskure ne. Gwanin da ya yi ijtihadi ya kuskure wurin zaɓen magani, akwai diyya, malamai sun yi saɓani a kan wanda zai biya. Na biyar shi ne gwanin da ya yi aiki ba da izinin majinyaci ko waliyyinsa ba. Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa kuskuren masani diyyarsa tana kan danginsa na wajen uba a wurin mafi yawan malamai, wanda ba masani ba kuwa ana yi masa horo da ɗauri bayan diyyar.

To ina ma'aikacin jinya ya faɗa? A cikin fanninsa yana gida na farko. Idan ya danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya har haƙarƙari ya karye, ko mutumin ya rasu duk da ƙoƙarinsa, babu zunubi babu diyya, sai lada. Amma idan ya tsallaka zuwa gano cuta da zaɓen maganin da ba a horar da shi a kai ba, ya koma gida na biyu, ko da takardunsa sun cika jaka. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Maskat a 2004, ta lissafa wuraren da ma'aikacin lafiya yake lamuni. A ciki akwai wanda ya yi aiki a reshen da bai sani ba, da wanda hukuma ba ta ba shi izini ba, da kuma wanda ya ƙi yin aikinsa a halin gaggawa. Ƙuduri ɗaya ya toshe ƙofofin biyu.

Sanya izinin hukuma cikin sharuɗɗa ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. A shekara ta 319 bayan hijira, wato 931, da wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabit ya jarraba masu magani, ya ba kowa izini a kan abin da ya iya kaɗai. Kafin wannan, Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da wani ya yi rauni aka kira masu magani biyu, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya fi sani a cikinsu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Jabir labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, ya nemi sauƙin yin taimama, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba, ya yi wanka ya mutu. Annabi (SAW) ya yi fushi, ya jingina mutuwarsa gare su, ya nuna cewa tambaya ce ta kamace su. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma ba ta wanke su ba.

Malaman ƙa'idojin fiƙihu sun ce lalura tana halatta abin da aka hana, suka kuma ce ana auna ta da gwargwadonta. Nas ɗin da haihuwa ta riske shi a mota tsakanin Bohicon da Dassa zai karɓi haihuwar, ko da ba ungozoma ba ne, domin babu wani kuma jariri ba ya jira. Amma wanda ke Zango, asibitoci na kewaye da shi, lalurarsa gajeriya ce. Rashin kuɗi damuwa ce ta gaske, sai dai ba ta mayar da nas likita. Maganinta yana wurin jama'a, kamar yadda za mu faɗa.

Mas'aloli huɗu da ake yawan tambaya

Shin mace za ta taɓa namijin da ba muharraminta ba, ko namiji ya taɓa mace? A halin ceton rai ya halatta, yana ma wajaba idan babu wani. Buhari ya ruwaito cewa Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz da wasu mata suna shayar da mayaƙa suna jinyar masu rauni. Ana buɗe gwargwadon buƙata, jama'a su juya baya ko su yi kariya da mayafi. Wanda ya hana a danna ƙirjin matarsa saboda kishi har ta mutu, ya shirya amsar da zai bayar.

Shin ana jiran izini? Mai hankalin da ke farke ana neman yardarsa. Wanda ya suma kuwa, majalisar fiƙihun da muka ambata ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1992 cewa ba a jiran izini idan rai na cikin haɗari. Ba a cewa sai miji ya dawo daga Legas.

Idan ana salla ko azumi fa? Ana yanke salla don ceton rai, ko ta Juma'a ce, a rama daga baya. Mai ciwon sugan da jikinsa ya fara rawa da rana a Ramadan ya karya azumi, wajibi ne, kuma wanda ya ba shi sukarin ya yi aikin lada.

Shin nas zai tabbatar da mutuwa? Muna son gaggauta jana'iza, kuma sunna ce. Amma malamanmu na Malikiyya sun togace wanda ya nutse a ruwa da makamantansa na masu mutuwar farat ɗaya, suka ce a jinkirta har a tabbatar. Rashin jin bugun jijiya da yatsa ba hujja ba ce. Kada a matsa wa nas ya ce an rasu don a fara wanka. Wannan hukunci na likita ne, shi ne kuma mai ba da takarda.

Abin da ya rage a kanmu

Ga ma'aikatan jinya, 'ya'yanmu maza da mata: ku riƙa sabunta horonku na taimakon farko, ku ajiye safar hannu da bandeji a jaka. Ku faɗi matsayinku a fili, ku ce ni nas ce, ga abin da zan iya, sauran sai asibiti. Kada kunyar dattijo ko ta suruka ta sa ku yi allurar da zuciyarku ba ta natsu da ita ba. Imamu Malik da girmansa an san shi da yawan cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Ga iyaye da maƙwabta: idan ta ce a tafi asibiti, ku tashi. Kada ku ce girman kai ne ko ta manta unguwa. Kada ku taru ku toshe iska, kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar hoton al'aurar Musulmi a lokacin da ba ya iya kare kansa. Idan Allah Ya karɓi ran bayan ta yi abin da ya kamata, ku yi mata godiya, domin zargin da ake yi wa masu taimako shi yake koya wa na baya wucewa.

Ga kwamitocin masallatai, tun daga Babban Masallacin Zango har zuwa na lungu: a tanadi akwatin taimakon farko, a rubuta lambar 118 a inda kowa zai gani, a san ma'aikatan lafiyar da ke salla a masallacin, a bar hanyar da mota za ta iya shiga ran Juma'a da ranakun Idi. A gayyaci ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj ko 'yan kwana-kwana su koya wa 'yan agaji da ladanai da ɗalibai danna ƙirji da tsayar da jini. Sannan a ware wani abu daga sadakar masallaci, a ajiye a hannun amintattu biyu da za a iya tasa ko da tsakar dare, don kuɗin mota da na magungunan farko. Mafi yawan lokutan da ake roƙon nas ta yi abin da ba nata ba, rashin wannan kuɗin ne sanadi, kuma ɗauke wannan nauyi daga kanta farillar kifaya ce a kan masu hali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya tsare hannayensu daga kuskure. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.